Katin da Ke Ƙasan Kwalla

A wani ƙauye an yi wata tsohuwa mai tsananin adana kaya. Ranar da aka yi wa jikarta Ladidi allurar rigakafi ta farko, sai ta karɓe katin, ta sa a ƙasan kwalla, ta jera kwanuka a kai.

Kullum surukarta ta ce, "Inna, a duba mana ranar komawa," sai ta ce, "Kati yana nan lafiya lau!"

Wata ya wuce, wani ya biyo. Ran nan aka ji tarin shiƙa yana kama jarirai a ƙauyen gaba. Gaban tsohuwa ya faɗi. Ta sauke kwanuka, ta ciro kati fes, amma ranar komawa ta wuce tuni.

Suka garzaya asibiti. Tsohuwa ta ce wa malamar asibiti, "'Yata, kar ki yi wa uwar faɗa, laifina ne."

Malama ta yi murmushi ta ce, "Iya, ai kun kyauta da kuka zo. Mu ɗora daga inda aka tsaya."

Ladidi ta sha allura ta callara kuka, tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Tun daga ranar, a bakin ƙofa take rataye katin. In an tambaye ta, sai ta ce, "Kati ya yi dauɗa, Ladidi ce lafiya lau!"