Katifar Mufida

Ƙarar yagewar yadi ce ta tsayar da Ladidi a ƙofar ɗakin.

Ta leƙa. Wata ɗaliba ce, Mufida, durƙushe a kan katifarta da reza a hannu, tana tsarga ta kamar mai gyaran giwan ruwa. A gefe ga bokiti an huda masa gindi da ƙusa, ga silifas an datse biyu. A jikinta kuwa koriyar riga ce, an rubuta mata a ƙirji da manyan baƙaƙe: A DAINA ƁARNA.

Ladidi ta karanta rigar, ta dubi katifar, ta sake karanta rigar.

"Sannu da aiki," ta ce.

"Kallon me kike min?" in ji Mufida, da Hausar Kano da ta koya a waya, alhali a nan Yelwa aka yanke mata cibi. "Kin zo kwasa ko? To ba ki samu! Wallahi gara in yayyanka ta da in ga ƴar bola kwance a kan katifata."

"To madalla. Ki ɗan ƙara yanka su ƙanana, sun fi daɗin cusawa cikin matashi."

Rezar ta tsaya.

"Bokitin ma na gode. Dama ƙusa nika nema, tattasai za ni dasawa ciki."

Ta wuce abinta, ko murmushi babu.

Makon tashin ɗalibai ke nan. Gidajen haya biyu ne a bayan kwalejin, na maza da na mata, a tsakaninsu kuma rumfar Inna Dudu mai tuwo, uwar Ladidi. Duk shekara in an gama jarrabawar ƙarshe sai unguwar ta koma juji: katifu, risho, tukwane da ƙanzo a ciki, jarkoki, takardu. Ladidi ke bi tana tsincewa. Abin wankewa ta wanke, na ɗinki ta ɗinke. Silifas da jarkoki ta aika wa babanta Ɗangana can Wara, bakin tafki, ya ɗaura a ragar kamun kifi don kada ta nutse. Takardun kuwa sai ta karance su tas kafin Inna ta naɗe kifi a ciki. Makarantarta ke nan tun da ta bar firamare.

Abu uku ta lura ɗalibi na bari in zai tafi: katifa, bokiti, da budurwar unguwa.

Shi ya sa da Shu'aibu ya fara daɗewa a kan bencin Inna bayan ya cinye tuwonsa, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ladidina..."

"Ƙari za a yi maka?"

"Hasken idona, ke nake kallo."

"To sai ka je asibiti."

Sai ya yi dariya har da buga benci. Dogo ne, mai sanyin murya, ga son a ce ya iya magana. Amma shi kaɗai ne in ta tambaye shi ma'anar wata kalma a takarda yake cewa, "Wallahi ban sani ba, bari mu duba tare." Wannan "ban sani ba" ɗin ita ta ci zuciyarta, ba hasken ido ba.

Inna ta gani, ta kuma faɗa.

"Ɗiyan nan, ɗalibi ba miji ba na. Kin ga Hansatu ta bayanmu? Har yanzu mota tana tsayawa tana leƙe."

"Inna, ni ba bokiti ba ta."

"Ita ma haka tac ce."

Shu'aibu dai ya rantse. "Ranar da Momi ta zo ɗaukata, a gaban kowa zan riƙo ki in ce ga ta nan."

"Kar ka riƙo ni, hannuna da miya. Faɗin ya isa."

Ranar ta zo. Shi ne ciyaman na ƙungiyar masu koriyar riga, don haka suka haɗa taron yaƙi da ɓarna a filin gaban gidajen. An kafa rumfa, an ɗauko lasifika. An raba shinkafa a robobi, da cokulan roba, da ruwan roba, kowanne cikin ledarsa. Shu'aibu ya yi jawabi da Turanci mai tsawo a kan muhalli, aka tafa. Mufida ta ɗauki tsintsiya ta riƙe har aka gama hoto, ta ajiye.

Kafin la'asar filin ya fi juji juji.

Ladidi na duƙe tana tura robobi cikin buhu sai ta ji ƙamshin turare a kanta.

"Momi, ga surukar taki."

Mufida ce, riƙe da hannun wata mata mai gilashi da leshi. Hajiya Zulai'atu ke nan, uwar Shu'aibu, mai shagon atamfa a hanyar bakin ruwa. Gwaggon Mufida ce kuma, ta daɗe da yi wa ɗanta tanadin ɗiyar ƙanenta.

Hajiya ta sauke gilashin zuwa kan hanci. Ta dubi buhun, ta dubi ƙafar Ladidi.

"Shu'aibu!"

Ya taho da saurinsa, lasifika na rataye a hannu. Abokai suka biyo shi.

"Wacece wannan?"

Ladidi ta miƙe tsaye. Ta dai dube shi.

Ya dubi uwarsa. Ya dubi abokansa.

"Mai... mai kwashe mana kaya ce, Momi. Ƙungiya ce ke taimaka mata."

Wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, wai an ga mai cin gajiyar shiri.

Ladidi ta nuna robar ruwan da ke hannun Hajiya.

"Hajiya, in kin shanye ba ni robar."

Hajiya ta sake ta a ƙasa. Ladidi ta duƙa ta ɗauka, ta jefa a buhu, ta ci gaba da aikinta.

A bayan rumfa ta zauna gaban murhu tana tura itace, hawaye na zuba. Inna ta zo ta tsaya a kanta.

"Hayaƙi na, Inna."

"Na sani. Ɗanyen icce na." Ta dafa mata kai ta wuce.

Washegari suka tarar da kaya a ƙofar rumfa, an ɗaure tsaf: katifa lafiyayya, bokiti, fanka, tukwane an wanke su fes. Na Shu'aibu ne. Ladidi ta daɗe tana kallonsu.

"Ga katifa, ga bokiti," ta ce. "Ni ta cikon na ukku."

Ranar ta saka su a jirgin Wara, ta ce a bai wa wasu maƙwabtan babanta da ruwa ya ci gidansu. Wayarsa kuwa ta yi ta shigowa har ta gaji.

Ran kasuwar Yelwa, tana ɗaure bakin buhun ƙarshe, inuwa ta faɗo mata. Farar shadda, hula an kafa, takalmi na ƙyalli.

"Ladidina..."

"Tuwo ya ƙare."

"Don Allah ki saurare ni. Wallahi ban iya barci, ban iya cin abinci! Tsoro ne ya kama ni, Momi na da hawan jini..."

"Allah shi ba ta lafiya. Matsa, ka taka igiya."

"Ki yi min kowane hukunci, rabin raina. Ki zage ni ma!"

"Zagi aiki na. Ƙungiya ba ta biyana."

Ya durƙusa, shadda a ƙasa. Ta dube shi yadda take duba tukunyar da aka yar, tana auna ko gindin ya ɓule ko wanki kawai take so.

"Shu'aibu, ni abin da anka yar nika tsinta. Amma ni ba a yar da ni a komo a tsinta."

"To me zan yi?"

Sai da ta gama ƙulla igiyar.

"Ka ga buhun ga? Tsoffin silifas na da robobin taronku. Bakin ruwa za shi, jirgi na jira. Ɗauka."

"Bari in kira mai baro..."

"Bisa kai."

Ya dubi buhun. Wani baƙin ruwa na ɗiga daga gindinsa.

"Kuma ba ta lungu ba. Ta gaban shagon Hajiya. In anka sake tambayarka ko ni wacece, ka ba da amsar da kaka so. Ni dai ina bayanka ina saurare."

Ya cire hular ya cusa a aljihu. Inna da kanta ta fito ta ɗora masa, har da ce masa ya gyara wuya.

Suka kama hanya, shi a gaba, ita a baya tana cin gyaɗa. Ruwan buhu ya bi wuyan shaddar ya gangara baya. Masu babur suka fara.

"Ciyaman! Yau aikin da kanka?"

"A kawo waya a yi hoto mana!"

Ya yi tuntuɓe, silifas ɗaya ya faɗo. Ladidi ta ɗauka ta ɗora masa a sama. Amma ta daina cin gyaɗar. Ga lungun masu albasa can yana zuwa, wanda ke zagaye shagon ta baya. In ya karkata nan, shi ke nan.

Ya rage tafiya daidai bakin lungun.

Ya wuce shi.

Hajiya na zaune ƙofar shago, Mufida na yi mata fifita. Fifitar ce ta fara faɗuwa.

"Innalillahi! Shu'aibu! Asiri aka yi maka? Sauke ƙazantar nan! Wannan wacece da za ta mai da min ɗa ɗan dako?"

Shu'aibu ya tsaya, wuyansa na rawa saboda nauyi.

"Sunanta Ladidi, Momi. Ɗiyar Ɗangana masunci ce, na Wara. Ba ƙungiya ke taimaka mata ba, ita ke share bayan ƙungiya. Ita nake so, ita zan aura in ta yarda. Rannan ƙarya na yi miki."

"Ɗiyar masunci? A gidana? Mu ba mu haɗa iri da masu ƙarni ba!"

Daga tsallaken hanya wata tsohuwa mai banda, Gambo, ta ajiye faifanta.

"Zulai! Ke Zulai ta Shanga! Masu ƙarni kinka ce? Ba tare munka yi tallan tarwaɗa ba, ke da tirenki mai lanƙwasa? Allah shi jiƙan babanki, ba a taɓa mai banda kamatai ba!"

Dariya ta ɓarke tun daga masu kifi har masu albasa. Hajiya ta gyara gilashi, ta sake gyarawa, ta shige shago. Mufida ta bi ta, ta bar fifita a ƙasa.

Ladidi ta ɗauki fifitar, ta juya ta gaba da baya. Lafiyarta ƙalau. Ta soke ta a bakin buhu.

A bakin ruwa ya sauke kayan, ya zauna yana haki. Shaddar ta tashi daga aiki.

"Kin yafe min?"

"Akwai wani buhun gobe."

"Ladidi..."

Ta miƙa masa sauran gyaɗar. A karon farko ya ga haƙoranta.

Hajiya ta yi fushi, ta yi rantsuwa, ta kwanta ciwo. Amma maganar ta riga ta zagaye Yauri, mahaifin Shu'aibu kuma ya ce ɗan da ya ɗauki bola a ka saboda mace ba ya jin kira. Ɗangana ma sai da ya ja nasa, ya ce shi bai ba ɗalibi ɗiyatai, sai da Inna ta ce masa ita ta ɗora wa yaron buhun da hannunta. Bayan ruwa ya janye aka ɗaura aure a Wara.

Ranar ganin ɗaki Hajiya ta zo da gilashinta, Mufida a bayanta, sun zo ganin abin dariya. Suka tarar da ɗaki tsaf: labule, tukwane na ƙyalli, tattasai ya yi ja a bokiti bakin ƙofa. Mufida ta zube a gefen gado ta jingina da wani matashi mai ado, ta lumshe ido ba ta sani ba.

"Wannan ɗan waje ne ko? A ina aka sayo?"

"Katifarki ta," in ji Ladidi. "Ke kinka yanka. Hannunki na da kyau."

Mufida ta zabura kamar ta zauna a kan kunama.

Hajiya ta bi ɗakin da kallo, murya ƙasa-ƙasa. "To wai duk ɗakin nan akwai abin da ba tsintowa aka yi ba?"

Ladidi ta duba hagu, ta duba dama. Idonta ya sauka kan Shu'aibu da ke tsaye bakin ƙofa yana murmushi.

"Babu, Hajiya. Wancan ma sai da na wanke."