Muryar Da Ba Ta Numfashi

Ranar Alhamis da hantsi, a bazarar farko bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi, mutanen Jiga Makera suka cika harabar caji ofis na Aliero. A tsakiyarsu akwai wani dogon mutum siriri, an yage masa wuyan riga, leɓensa yana jini.

Sufeto Ayuba ya fito bakin ƙofa. Ba ya son taro, don a shekara goma sha tara na aikinsa bai taɓa ganin taro ya zo masa da alheri ba.

Mai gari Muhammadu ne ya yi magana.

"Ranka shi daɗe, an kwashe muna albasa. Mako guda ke nan wata mota mai lasifika ta zo, anka ce sabuwar gwamnati za ta sayi albasarmu da daraja, kowa shi kai tashi hilin makaranta. Munka kai. Manyan motoci biyu sunka ɗauka, anka ba mu takardu, anka ce mu tai Jega ran Laraba mu amshi kuɗinmu. Jiya munka tai. Babu ohis, babu wanda yas san zancen."

"Haka kawai kuka ba baƙi noman shekara?"

"Ba baƙo munka ji ba. Muryar ɗanmu munka ji, Malam Waliyyu ga shi nan. Shi ka koyar da ɗiyanmu, shi ka karanta muna wasiƙa. Har ubanai ya kai tashi."

Ya miƙa wani kaset da masu motar suka bar masa don ya riƙa sa wa waɗanda ba su ji ba.

Sufeto ya sa aka shigar da Waliyyu ciki, ya saka kaset a rikodar ofis. Murya ta fito, mai kauri, mai natsuwa, ba gargada ko ɗaya. Minti biyu ta yi tana zuba. Da ta ƙare, Sufeto ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar ya hau tudu, bai kuma san dalili ba.

DPO ya leƙo ya ce a taƙaice, "Murya tasa ce, shaidu sun cika gari. Litinin kotu."

A ɗakin tambayoyi Waliyyu ya zauna gaban Sufeto.

"Muryarka ce?"

"Ba tawa ba ce, Yallaɓai."

"Mahaifinka ma ya yi kuskure ke nan?"

Waliyyu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Tawa ce. Amma wallahi gwaji ne."

Ya yi bayani. Wata biyar ke nan yana zuwa Jega duk Asabar, wajen Alhaji Muntari, tsohon ma'aikacin rediyo da ya yi ritaya ya buɗe ajin koyar da masu son karanta talla da sanarwa. Sabuwar jiha za ta nemi muryoyi, shi kuwa Waliyyu yana so ya gwada sa'arsa. Alhaji yakan ba kowa takarda ya karanta, a ɗauka, a saurara, a gyara.

"Shi ya ba ka wannan takardar?"

"Shi ne. Kuma mura nike yi ranar. Sau tara nik karanta, ina tari, ina kuskure. Yac ce babu na kirki ko guda. Ni ban taɓa karanta ta da kyau hakanga ba, Yallaɓai."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya da farko?"

"Ban so sunan Malam shi shigo. Shi ne mutum na farko da yac ce min ina da murya wadda mutane ka yarda da ita." Idanunsa suka ciko. "Baba ya ce kada in sake taka mishi gida."

Sufeto ya tausaya masa, ya kuma ji haushin kansa da ya tausaya. Kwana huɗu ne kacal tsakanin mutumin nan da gidan yari.

Washegari da safe shi da Saje Hamma suka nufi Jega. Ajin yana bayan wani shagon ɗinki, ɗaki ne da aka liƙa wa kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu a bango, don kada hayaniyar kasuwa ta shiga. Zafi kamar a gasa burodi.

Sun tarar da ɗalibai huɗu a tsaye, kowa da fensir a kwance tsakanin haƙora, suna karanta tallar sabulu. Alhaji Muntari, farin dattijo mai tsabta, yana zagaye su da sanda.

"Luba, daga ciki aka jan numfashi, ba daga wuya ba. Kai kuma ja baya, taƙi guda tsakaninka da makirifo. Ba ka cin shi."

Ya karɓi 'yan sandan da fara'a. Da ya ji abin da ya kawo su, ya dafe ƙirji ya yi salati.

"Ni nar rubuta takardar, ba ni musu. Darasi ne, nakan sa sunayen garuruwa na gaske don bakinsu shi saba. Bayan an ɗauka nakan juye ma kowa aikinai a kaset, in aje cikin wancan akwati. Na Waliyyu ya ɓace mako ukku da sunka wuce."

"Wa kake zargi?"

"Ban son zalunci. Amma akwai Jibrilla na Maiyama, mai tallar magani. Ɗalibina ne, kuma shi ɗai ad da mota mai lasifika."

A lungun ɗakin akwai wani abu an lulluɓe shi da farin zane. Sufeto ya ɗaga. Babbar na'urar ɗaukar magana ce mai faifai biyu, tana ƙyalli. Ƙarƙashinta akwai aljihun tebur da kwaɗo.

Alhaji ya matso da sauri ya mayar da zanen. "Wagga ba mai taɓa ta sai ni. Ko share ta ba ni bari a yi."

Da azahar suka isa Maiyama. Jibrilla yana gindin wata bishiya, lasifikarsa na ta yabon maganin basir da muryarsa. Mutum ne mai surutu, amma ganin kaki ya ɗauke masa shi.

"Ka ɗauki kaset a akwatin Alhaji Muntari?"

"Ni? Ban taɓa ba."

Saje Hamma ya buɗe aljihun motar. Kaset na uku da ya ɗago, an rubuta "Waliyyu" a jikinsa da jan biro.

Jibrilla ya jiƙe da zufa. "Na ɗauka, Yallaɓai. Kaset ya yi tsada, niy yi nufin in ɗora tallata bisa. Gehe guda ɗai nis shahe."

Aka juya ɗaya gefen aka saka. Ga Waliyyu nan yana karanta sanarwar albasa, yana shan hanci, yana tari, yana cewa "Afuwa, Malam," Alhaji na yi masa tsawa daga baya.

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya ɗaga masa hannu, ya fito da kaset ɗin mai gari ya ba Jibrilla ya saka.

Jibrilla ya saurara, baki buɗe. Tsoro ya ɗan sake shi, ɗan sana'a ya motsa. "Kai, wanga an yi mishi aski."

"Wane irin aski?"

"Ba ku ji ba? Ba shi numfashi. An ɗauko mai kyau daga nan, mai kyau daga can, an haɗe, an yanke tari da numfashi dut da reza. Ga kaset ba a iya wanga aiki, zarenai ya yi siriri. Sai ga babban faifai."

Sai a lokacin Sufeto ya gane nauyin da ya ji a ƙirji jiya. Minti biyu ya yi yana jiran mai magana ya numfasa, shi ma ya riƙe nasa.

Amma ganewa ba shaida ba ce, ya kuma san DPO ba zai saki mutum don Sufeto ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi ba. Duk hanyar komawa Aliero hankalinsa bai kwanta ba. Idan dattijon ya ƙone abin da ya yanke fa?

Ranar Asabar da safe ya karɓi takardar bincike, ya sa aka ɗauko Waliyyu daga bayan kanta, suka koma Jega. Ɗalibai sun hallara. Da suka ga ɗan ajinsu da ankwa, kowa ya cire fensir daga baki.

"Alhaji, taimako na zo nema," in ji Sufeto. "Kai ne gwani. Zan sa kaset ɗin nan, ka bi shi da baki kalma da kalma, mu ga ko ɗalibinka ya kai ka."

Alhaji ya yi murmushi. Irin wannan gayyata ba ya iya ƙinta. Ya gyara tsayuwa, ya ja iska, ya bi muryar. Layi na farko lafiya, na biyu lafiya. A na huɗu jijiyar wuyansa ta tashi. A na biyar ya tsaya yana haki, muryar Waliyyu kuwa ta wuce abinta.

"Shekara talatin kana aikin nan, ka kasa," in ji Sufeto. "Mai mura ya iya?"

"Jibrilla ne ya..."

"Kaset ɗin da Jibrilla ya sata yana hannuna, da tarinsa da komai. Wannan kuwa a faifai aka gyara shi. Jiya ka ce mini ba mai taɓa na'urarka. Buɗe aljihun nan."

Alhaji ya ce makulli ya ɓace. Saje Hamma ya sa ƙarfe ya ɓalle kwaɗon.

A ciki akwai reza, farin fensir, salatif, da wani gwangwanin madara. An liƙa masa takarda an rubuta "Albasa" da kyakkyawan rubutu. Sufeto ya buɗe. Cike yake da guntayen zaren faifai, wasu ba su kai tsawon yatsa ba.

Ya zaro mafi tsawo ya miƙa wa Alhaji. "Haɗa mana mu ji."

Dattijon ya dubi ɗalibansa. Hannunsa ya yi aikin da ya saba, cikin ƙiftawar ido ya liƙa guntun a faifai ya murɗa. Aka ji an ja numfashi, aka ji tari, sannan muryar Waliyyu ta ce, "A kai hilin makaranta... afuwa, Malam."



Alhaji ya zauna a kan kujera. Muryarsa da ake ji har waje ta koma ƙarama.

"Can wajen aiki ba a zubar da abin da anka yanke sai an tabbata ba a bukatatai. Hannuna ya saba. Na yi niyyar ƙonawa, sai in ɗauka in mayar."

"Me ya sa ka gyara? Da ka bar shi da tarinsa, da Jibrilla ke cikin ankwa yanzu."

"Ban iya sakin aiki da tari ciki," in ji shi, har da ɗan ɗaga kai. "Ban taɓa ba."

Sauran ya fito da sauƙi. Motocin, har da mai lasifikar, na surukinsa ne. Albasar tana wani sito a bayan gari, ana shirin wucewa da ita kudu ranar Talata. Alhaji ya ce ya kai kansa a ɗauke shi aikin horar da sababbin muryoyin jiha, aka ce masa zamaninsa ya wuce, tun daga ranar zuciyarsa ta ƙeƙashe. Sufeto ya rubuta bayanin ba tare da tausayi ba. Manoman Jiga Makera ba su ne suka faɗa masa haka ba.

Saje ya cire ankwa daga hannun Waliyyu ya mayar a na Alhaji. Aka tashe shi.

Sun kai bakin ƙofa Waliyyu ya yi magana.

"Malam, mu shidda ne cikin ajinga. Don mi ni?"

Alhaji ya tsaya, bai juyo ba.

"Tun ranar farko na gaya maka. Kana da murya wadda mutane ka yarda da ita. Wannan ba a koyar da shi."

Aka wuce da shi zuwa mota.

Waliyyu ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon makirifo. Wata biyar yana riƙe da maganar nan kamar kyauta, ashe tun ranar aka zaɓe shi. Sufeto ya rufe gwangwanin ya sa a jakar shaida, ya dafa kafaɗarsa.

"Zo mu je. Da bakina zan gaya wa mahaifinka."

Waliyyu ya saki wani dogon numfashi mai rawa, kowa a ɗakin ya ji shi.