Makullin da Ta Ba Dogo

Ƙofa ce ta haɗa su.

Kwanan Auta tara a ƙasar waje. Da safe ya ɗora ruwan shayi, ya ɗauki ledar shara zai kai ƙasa. Iska ta tura ƙofar, ta ce ƙaras. Ya murɗa hannun, ya ƙi murɗuwa. Ƙofofin gidan irin masu kulle kansu ne, kuma babu wanda ya gaya masa. Makulli na ciki, waya na ciki, shi yana waje daga shi sai singileti da silifa, ƙafa ɗaya baƙa, ɗaya shuɗiya.

A gida shi kaɗai ne namiji bayan mata biyar. Bai taɓa wanke kofin da ya sha ruwa da shi ba. Yau ga shi a hawa na uku a ƙasar mutane, yana dukan ƙofar ɗakin da babu kowa a ciki.

Ƙofar da ke kallon tasa ta buɗe. Wata budurwa ta fito cikin fararen kayan aiki, jaka a kafaɗa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan silifan.

"Wa kake jira ya buɗe maka? Ai kai ne mai ɗakin."

Jin harshen gida a bakinta ya sa ya ji kamar ya zauna a ƙasa.

"Makullina na ciki, 'yar'uwa. Ga tukunya a wuta."

"Wa ka ba na ajiya?"

"Na ajiya kuma?"

"Biyu suka ba ka. Ɗaya a aljihu, ɗaya wurin maƙwabci. Haka ake zama a nan."

"Duka biyun suna kan firji."

Ta toshe baki da bayan hannu. Sannan ta ciro waya ta kira Dogo.

Dogo mutumin gida ne, mai gyaran wuta da famfo, yana hawa na ɗaya, shekararsa goma sha biyu a ƙasar, ba shi da aure. Ya hawo yana fito, ya zura wata siririyar roba ta gefen ƙofar, ya jijjiga sau biyu, ta buɗe.

"Allah ya bar mana kai, Dogo," in ji ta, tana murmushi.

Auta ya yi godiya. Amma murmushin nan bai yi masa daɗi ba, alhali ko sunanta bai sani ba tukuna.

Daga ranar ta sa masa Mai Silifa. Shi kuma ya sa mata Malama, don komai ita ta koya masa. A gidan kula da tsofaffi take aiki, shi kuma yana jera kwalaye a wani sito. Ta kai shi ɗakin wanki na ƙasa, ta nuna masa allon da ake rubuta lambar ɗaki don kama layi. Ta nuna masa kwandon kwalba daban, na takarda daban. Ta koya masa karanta jadawalin mota. Ranar da ya wanke fararen rigunansa tare da jan tawul, ya aika mata hoto.

"Malama, injin nan ya yi min rini ban sa shi ba."

"Ja yana yi maka kyau, Mai Silifa. Gobe darasin shinkafa. Ka zo da tukunyarka, ka tsaya daga bakin ƙofa."

Daga bakin ƙofa yake tsayawa kullum. Bai taɓa taka ɗakinta ba, ita ma ba ta taɓa taka nasa ba.

Wata takwas ana haka. Wata ranar Lahadi suna jiran injin wanki ya gama juyi, ya ce da ita, idonsa a kan kumfa:

"Malama, akwai darasin da nake so ki koya min, amma ba na so a gama shi."

"Wane ne?"

"Zama da ke."

Ta daɗe tana ninke tawul ɗaya.

"Wannan darasin Baba ke ba da izininsa," in ji ta a hankali. "Amma in ni za a tambaya, na karɓi ɗalibin tuntuni."

Baba bai ba da izini ba. Ta waya ya yi magana, kuma bai ja ta ba. Ya riga ya bincika, an gaya masa wane ne Auta a gidansu.

"Yaron da yayyensa mata ke ɗaura masa igiyar takalmi? 'Yata wuni take tana ɗaga tsofaffi, ba za ta dawo gida ta ɗaga ƙato ba. Kawunta na can ƙasar. Zai je ya ga yadda yaron yake zaune. Abin da ya gani shi ne maganata."

Aka sa ranar zuwan Kawu, Asabar ta ƙarshen wata.

Saura mako biyu, Auta ya dawo daga aiki da rana tsaka saboda ciwon kai. Yana hawowa ya ga Dogo a ƙofar Malama. Babu roba a hannunsa. Makulli ne, da ɗan jan zare a ɗaure. Ya zura, ya buɗe, ya shiga kamar ɗakinsa, ya turo ƙofa.

Auta ya san zaren. Daga gefen mayafinta aka cire shi.

Ya tsaya a matakala kunnuwansa na zafi. Inda ya fito, mace ba ta ba namiji makullin ɗakinta sai in mijinta ne. Shi da ya yi wata takwas yana riƙe tukunya a bakin ƙofa kamar mai jiran sadaka, ashe akwai wanda ke shiga ba sallama. Minti ashirin Dogo ya yi a ciki. Auta ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Bai jira ya tambayi kowa ba, ya rubuta mata:

"Na ga mai makullinki. Ashe ni ɗalibin bakin ƙofa ne, akwai na cikin aji. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Amsa ta zo lokacin hutunta.

"Famfon kicin ne ke yoyo, ni na ce ya shiga ya gyara. Makullina na wurinsa tun kafin ka san hanyar filin jirgi. Na gaya maka ranar farko haka ake zama a nan. In wannan ne tunaninka a kaina, ka riƙe shi."

Mai hankali zai ba da haƙuri a nan. Auta bai bayar ba. Ya ɗauki makullinsa na ajiya, wanda har yau yake kan firji, ya sauka hawa na biyu wurin wata mai kitso, doguwa mai yawan dariya da turare. Ya zaɓi lokacin da Malama ke dawowa daga aiki, ya miƙa shi a tsakiyar matakala da murya sama.

"Riƙe min wannan, 'yar'uwa. An ce haka ake zama a nan."

"Kai, ni ka zaɓa duk gidan nan?" in ji mai kitso, tana rataya shi a sarƙar wuyanta. "To na gode, ɗan ƙwalisa."

Malama ta wuce ta tsakaninsu kamar ba ta gan su ba. Amma ƙarar rufe ƙofarta har hawa na ɗaya an ji ta.

Kwana goma ba magana. Ita in ta ji dariyar mai kitso a matakala sai ta ƙara wa rediyo murya. Ta goge lambar ɗakinsa daga allon wanki sau biyu, ta ce hannunta ne ya goga. Shi kuma in ya ji fiton Dogo sai abinci ya fita ransa. Sau ɗaya ta rubuto masa:

"Ka gaya wa mai ajiyarka ta rage turare, yana sa ni atishawa."

Ya karanta shi ya fi sau talatin, yana jin daɗi yana jin haushi.

Ranar Juma'a wani saƙon nata ya shigo, gajere:

"Kawu zai zo gobe ƙarfe goma. Ban hana shi ba. Sauran ya rage naka."

Tun asuba Auta ya tashi. Ya share, ya goge, ya wanke banɗaki, ya sauya zanin gado. Ya dafa shinkafa da miyar kaza yadda ta koya masa, ya kashe wuta. Tara da rabi ya duba ko'ina, babu abin da ya rage sai shara. Ya ɗauki ledar ya fito.

Ƙaras.

Ya shafa aljihu. Wandon da ya cire ne ke da makullin.

Ya sauka da gudu ya buga wa mai kitso. Shiru. Wata takarda ce manne a ƙofarta, ta tafi wani gari kitson amarya, sai Litinin. Makullinsa na wuyanta.

Ya zauna a matakala da ledar shara a gabansa. Mutum ɗaya ne a gidan zai iya buɗe ƙofar nan, kuma kwana goma sha huɗu ke nan Auta bai amsa gaisuwarsa ba. Agogon bango ya nuna goma saura kwata. Ya tashi, ya sauka.

Dogo ya buɗe da kofin shayi a hannu. Ya dubi fuskarsa, ya dubi ƙafarsa.

"Yau dai silifan kala ɗaya ne. An samu ci gaba."

"Yaya Dogo, na yi maka laifi. Ka taimake ni."

"Yau na zama Yaya?"

Ya jawo wani gwangwanin biskit daga kan kabad don ɗauko robarsa. Auta ya leƙa. Makullai ne cike, kowanne da alamarsa: wani zare, wani maɓalli, wani guntun kwali. Na jan zaren yana kwance a cikinsu kamar kowanne.

"Goma sha ɗaya," in ji Dogo. "Har da na tsohuwar hawa na huɗu. Ita ma kana kishinta?"

Suna hawa ya ƙara da cewa, ba tare da ya waiwayo ba:

"Ba zan ɓoye maka ba, na nemi yarinyar nan. Watannin baya na yi mata magana. Ta ce in yi haƙuri, zuciyarta na wurin wani wawa da bai iya dafa ruwa ba. Makulli kawai na samu, ɗan'uwa. Kai ka samu mai shi, kana neman zubarwa."

Dogo na durƙushe yana fama da ƙofar, sai ga takun mutum biyu. Malama ce a gaba, bayanta wani dattijo mai furfura da sanda. Kawu ya tsaya ya dubi ledar shara, ya dubi Dogo, ya dubi Auta.

"Wane ne mai neman auren a cikinku?"

"Ni ne, Kawu." Auta ya durƙusa. "Na kulle kaina a waje. Karo na biyu ke nan. Makullin ajiyata kuma na ba wadda bai kamata ba, don in ɓata wa 'yarku rai. Wannan bawan Allah na zarga a banza, kuma shi na je na roƙa."

Ƙofa ta buɗe. Kawu ya shiga. Ya shafa saman firji da yatsa, ya duba yatsan. Ya leƙa banɗaki. Ya buɗe tukunya, ya sa cokali, ya tauna a hankali.

"Wa ya dafa?"

"Ni."

"Gishiri ya yi yawa." Ya sake ɗiba. "Shekarata ta farko a ƙasar nan, taga na fasa na shiga, don girman kai ya hana ni buga wa maƙwabci. Na yi wata ina kwana da kwali a taga." Ya ajiye cokalin. "Zan kira ubanta. Ka zubo min a faranti."

Malama tana bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Auta ya je ya tsaya daga ciki, yadda take yi masa.

"Malamata, na tuba. Amma ki gaya min abu ɗaya. Me ya sa ba ki taɓa ba ni makullinki ba?"

"Kai da naka ma ya gagare ka?" Ta sunkuyar da kai. "Wanda ba na jin komai a kansa nake ba makulli, Mai Silifa. Da na ba ka, da wane ido zan kalli Baba? Kai so nake ka shigo da rana, kowa na gani."

"To mai kitso fa, kin huce?"

"Ranar Litinin da kaina zan ciro shi daga wuyanta."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba ya sa albarka ta waya, ya ce Allah ya ba su haƙuri da juna, ya sa su ga jikokinsu. Yayyen Auta biyar suka yi ta kuka da dariya da aka nuna musu shi yana goge tukunya.

Suka koma ɗaki mai ciki biyu a hawa na huɗu. Aka ba su makulli uku. Ɗaya nasa, ɗaya nata. Na ukun Auta ya ɗaura masa jan zare da hannunsa, ya sauka hawa na ɗaya, ya jefa shi a gwangwanin biskit.

"In famfo ya lalace," ya ce da Dogo, "ka bari sai ina nan."

Allah ya ba su zaman lafiya.