Ƙugiyar da Makame Ya Bari a Teku

Bayan magariba, Bi Tatu tana kankare kwakwa a tsakar gida, mijinta tsoho Makame yana zaune kan tabarma yana gyaran raga, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani dutsen ya biyo baya. Da ta ɗauko shi, a jiƙe yake, da warin teku, ga shi gidansu a tsibirin Pemba yana nesa da gaɓa.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu 'yarsu Mwatime ta daina cin abinci. Ta zauna a lungu riƙe da muƙamuƙinta, ruwan gishiri yana zuba daga bakinta.

Aka kira Malam Shame. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Makame, ka tsufa."

"Da ni za ka yi magana," in ji Malam. "Me ta yi maka?"

"Ita? Ba komai. Tambayi ubanta."

Sai tsohon ya ce a zamaninsu sukan shiga mashigin teku in babu wata, da wutar ganyen kwakwa da igiya mai kauri, suna neman manyan kifaye. Doka ɗaya ce: kifin da ya fi ƙarfinka, ka bi shi har ya gaji, ka zare masa ƙugiya ka sallame shi. Ba a yanke igiya.

"Ni na yanke," ya ce. "Wani ƙaton kifi ne yake jana zuwa zurfi, ita kuma Tatu tana naƙudar wannan yarinyar."

"Shekara ashirin da biyu ban rufe baki ba," in ji muryar. "Ita ma ta ɗanɗana."

"Mu ba ka akuya."

"Da wane bakin zan ci, Malam?"

"To me kake so? Yarinyar dai ba ka tafiya da ita."

"Hannun da ya ɗaura, shi zai zare. Yau. Shi kaɗai."

Bi Tatu ta riƙe rigar mijinta. "Kai da ko tsani ba ka iya hawa? Ina za ka?"

"Sake ni, Tatu. Kin ga dai bakinta."

Ya ari kwale-kwalen maƙwabci, ya kunna wutar ganyen kwakwa. Malam ya raka shi gaɓa, ya tsaya har wutar ta ɓace.

Wajen asuba Mwatime ta saki muƙamuƙinta, ta yi barci. Da hantsi masunta suka jawo kwale-kwalen. Ba kowa a ciki, sai wata ƙatuwar ƙugiya mai tsatsa, da jini a bakinta.

Mwatime ta farka da azahar, ta ce yunwa take ji. Uwar ta zuba mata shinkafa. Ta ci loma biyu, ta dubi ƙofa.

"Mama, a ajiye wa Baba nasa."

Bi Tatu ta ɗauko wani kwano, ta zuba, ta rufe.