Yashi a Gwangwani na Ƙarshe

Da safiyar wata Asabar ta shekarar 1978 aka kawo ƙara caji ofis cewa an yi kaca-kaca da Silimar Tauraro da ke kusa da Gada Biyu, an sace ƙarshen fim, kuma ga mutum can a asibiti rai a hannun Allah. Sufeto Shu'aibu ya ture kofin shayinsa ya kira Kofur Jika. Shi Sufeto ba ma'abocin silima ba ne. Ya kan ce ya gaji da ganin duka a wurin aiki, ba zai biya a nuna masa wani a bango ba.

Suka tarar da bencina a kakkarye, kwalabe a farfashe, takalman roba warwatse ko'ina. Manajan gidan, Oga Ambrose, yana tsaye a tsakiya ya ɗora hannu a ka.

"Wane irin fim ne wannan da ya haukata gari?" in ji Sufeto.

Ambrose ya nuna masa babban hoton da ke manne a ƙofa. Jarumai uku ne, kowane da nasa finafinan a baya, yanzu an haɗa su wuri guda su yaƙi wani mugu. Mutanen Jos ba su damu da sunayensu na asali ba, sun laƙaba musu nasu: Gwanki mai tsallake bene, da Tsawa mai jifa da wuta, sai wata mace da suke kira 'Yar Guguwa, wadda ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Tun da aka manna hoton nan gari ya rabu biyu, 'yan Gwanki da 'yan Tsawa, ana musun wa zai kashe mugun. Har abokai sun daina gaisawa a kan haka.

"Oga, fim ya kai wurin daɗi," in ji Ambrose da Hausarsa ta kasuwa. "An kama su duka uku. Afareto, mai juya injin fim, ya buɗe gwangwani na ƙarshe, babu fim, sai yashi. Mutane ya tashi. Wani ya ce an sayar wa Bukuru."

"Wa ya faɗa?"

"Duhu ne, oga. Murya kawai na ji."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai suka kama Babayo."

Babayo shi ne dattijon da ke ɗauko gwangwanayen fim daga tasha a kan babur, in an gama nunawa a Jos ya kai wa silimar Bukuru. A Bukurun yake zaune, kuma wannan kaɗai ya ishi taron hujja. Suka same shi a bakin ƙofa yana jiran kaya, suka rufe shi da duka da ƙafafun benci.

Sufeto ya hau ɗakin inji. Ga gwangwanin a ƙasa, cike da jan yashi mai laushi, an zuba don nauyi ya yi daidai. Ya dumbuza ya murza a tafin hannu, ya ɗaga kai. A jikin bango akwai jajayen bokitai na kashe gobara. Ɗaya cike yake, ɗayan kuwa an kwashe fiye da rabinsa, har da gurbin yatsu. Ya gwada yashin biyu, ba su da bambanci.

"Jika, wannan yashin bai taɓa ganin hanyar Bukuru ba. A ɗakin nan aka zuba shi."

Aka kira Fidelis afareto, wani siriri mai rawar murya.

"Yaushe Babayo ya kawo kayan?"

"Da magariba, oga. Fim ya kusa farawa. Ban samu na duba ba."

"Wa ke shiga ɗakin nan?"

"Ni kaɗai. Ko Oga Ambrose sai ya ƙwanƙwasa."

Sufeto ya dube shi har Fidelis ya sunkuyar da kai, sannan ya sauka.

A asibiti ya tarar da Babayo an naɗe masa kai da bandeji, fuska ta kumbura ba a gane shi. Matarsa Kubra na zaune a gefen gado tana kora masa ƙuda da bakin mayafi. Leɓunansa na motsi. Sufeto ya sunkuya ya ji abin da yake maimaitawa: "Ban ɗauka ba. Ban ɗauka ba."

"Tun jiya abin da yake faɗa ke nan," in ji Kubra. "Ranka ya daɗe, ciwon da sauƙi a wurinsa a kan sunan nan da suka ba shi. Mutumin da ko goro ya tsinta a hanya sai ya yi cigiya, yau shi ne ɓarawo. Da safen nan aka aiko min wai a unguwa ana nuna ƙofarmu."

"Jiya yaushe ya kai fim ɗin?"

"Kafin masallacin Juma'a. Ya dawo gida ya ci tuwo, ya ce ya sauke kayan fitina, sannan ya koma da yamma."

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Ya ga gawarwaki da yawa a aikin nan, amma bai taɓa ganin an ragargaza dattijo saboda wasu inuwoyi masu tsalle a bango ba. Ya koma silima ko gaisuwar masu gadi bai amsa ba.

"Fidelis, ka yi min ƙarya. Da rana tsaka aka kawo kayan. Me ka yi da su har magariba?"

Fidelis ya fara gumi. Ya amsa cewa ya gwada fim ɗin a inji, kamar yadda yakan yi wa kowane sabon fim, ya haska shi ƙarami a bangon ɗakin don ya ga ko ya tsinke. Ya ce shi kaɗai ne, da ya gama ya ja ƙofa ya tafi cin abinci.

"To tun da ka gani, wa ya kashe mugun?"

"Ba Gwanki ba ne, ba Tsawa ba ne, oga. An ɗaure Gwanki a sarƙa, yana kuka kamar yaro. Macen nan ce ta zo ta kwance shi, ta goya shi a baya, ita ta gama da mugun."

"Ka faɗa wa wani?"

"Ni? So kake a kashe ni?"

Sufeto ya lura da kofunan shayi guda biyu na gilashi a kan taga, duka da sauran madara a gindi. Ya tambayi na wane mai shayi ne. Fidelis ya ce na bakin gada ne, amma shi ya sha duka biyun. Sufeto ya ce wa Kofur ya taho da shi, ya ajiye shi a mota.

Suka nufi bakin gada, suka tarar teburin mai shayin ya cika maƙil. Samari da magidanta, wasu da kurjewa a hannu, sai kumfar baki suke yi.

"A biya mu fim ɗinmu!"

"Wallahi ko Bukuru za mu taka da ƙafa mu karɓo!"

"Wata guda ina jira, sai a ba ni yashi?"

Babu wanda ya tambayi jikin Babayo. A kan kujera guda ɗaya mai jingina wani mutum ke zaune da baƙin tabarau da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ana zuba masa shayi ba ya biya. Shi ne Sa'adu Legas, mai gyaran rediyo a Tudun Wada. An yi masa wannan laƙabi ne saboda duk fim ɗin da za a nuna, kafin a fara zai zauna nan ya zayyana shi tiryan-tiryan, ya ce ai ya gani a Legas, kuma bai taɓa kuskure ba. A cikin silima ma kewaye shi ake yi yana fassara. Maganarsa ita ce hukunci.

"Kai ne ka san ƙarshen fim ɗin?" in ji Sufeto.

"Tun ranar da aka manna hoto na faɗa musu, yallaɓai. Gwanki ne zai fille wa mugun kai, Tsawa ya durƙusa masa. Na rantse musu da abin da zai kashe ni. Da idona na gani."

'Yan Gwanki suka yi shewa, 'yan Tsawa suka yi tsaki.

"Jiya wa ya fara cewa an sayar wa Bukuru?"

"Ai Malam Sa'adu ne ya gano su," wani ya amsa da alfahari. "Tun fitila ba ta gama kawowa ba ya hau benci ya faɗa."

Sa'adu ya gyara tabarau, ya ce kowa ma ya faɗa. Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya yarda, sannan ya ɗaga murya, ya shirga ƙaryar da ya taho da ita.

"To ku kwantar da hankalinku. An buga waya Kano. Suna da irinsa, yana hanya. Yau da yamma za a nuna muku ƙarshen kyauta, Malam Sa'adu ya zauna a gaba ya fassara."

Wuri ya kaure da murna. Sa'adu kaɗai ne bai yi ba. Kofin da ke hannunsa ya karkace, shayi ya zubo masa a wando.

"Kada ku yarda!" ya miƙe. "Na Kano jabu ne! Akwai wani gurɓatacce da suke yawo da shi, sun yanke sun haɗa, wai an ɗaure Gwanki yana kuka, wai mace ta goya shi. Ba shi ne na gaskiya ba!"



"Ni ban ce an goya kowa ba," in ji Sufeto. "A ina ka ga wannan?"

"A... a Legas ɗin dai. Iri biyu ne."

"Iri biyu ne, amma ka rantse a kan ɗaya? Jika, kawo min afareto."

Kofur ya fito da Fidelis daga mota ya tsayar da shi gaban taron. Ba a ma tambaye shi ba ya fara zuba. Ya ce shekaru ke nan Sa'adu na hawowa ta matakalar baya da shayi da burodi duk ranar gwaji, su kalla tare, shi kuma ya sauko nan ya ce Legas. Wannan karon ne ya yi gaggawa, ya yanke hukunci daga ganin hoto, tun fim bai iso ba. Jiya da suka kalli ƙarshen sai Sa'adu ya yi zugum. Fidelis ya fita cin abinci ya bar shi a ɗakin, Sa'adu ya ce zai ja ƙofa.

"Na ji tsoron kora ne, oga, shi ya sa na ɓoye."

Sufeto ya juya kan Sa'adu. "Ina fim ɗin?"

Sa'adu ya cire tabarau. Idanunsa ƙanana ne, sun yi ja. "Yana shago, cikin akwatin wata tsohuwar rediyo. Na so in ƙone shi, na kasa." Ya dubi teburin. "Yallaɓai, ni ban taɓa wuce Akwanga ba. In ba teburin nan ba, wa ya san da ni a garin nan? Da sun ga ƙarshen nan, dariya za su yi min har in mutu. Na ɗauka za a yi surutu ne a watse. Da na ga sun fusata sai na ji tsoro su juyo kaina, na ambaci Bukuru. Ban ce a taɓa tsohon ba."

"Kana tsaye ana dukansa?"



Nan take taron ya juya. Waɗanda ɗazu ke zuba masa shayi su ne suka fara rarumar benci. "Maƙaryaci! A ba mu shi!" Sufeto ya sha gabansu ya daka tsawar da ta sa har masu wucewa kan gada suka tsaya.

"Duk wanda ya ɗaga hannu sai ya kwana a bayan kanta! Marasa kunya! Shi ya saci fim, amma shi ya fasa wa Babayo kai? Ku dubi hannuwanku! Jika, duk mai kurjewa a hannu ka tattaro min shi."

Aka sa wa Sa'adu ankwa, aka biya Tudun Wada aka ɗauko fim ɗin. Sauran taron suka biyo motar a ƙafa har caji ofis, suna zagi, wasu kuma suna tambayar Kofur ko da gaske yau za a nuna.

A bakin ƙofa Kubra ke tsaye, mayafinta ya zame, idonta ya bushe. Sufeto na ganinta ya gane. Ta zo ne a ba ta izinin ɗaukar gawa, don asibiti sun ce maganar 'yan sanda ce.

"An kama wanda ya ɗauka," ya ce mata a hankali. "Mijinki ba ɓarawo ba ne."

"Ni na sani, ranka ya daɗe. Shi ne ya so ya ji, kuma bai ji ba. Har ya cika yana cewa bai ɗauka ba."

Wani magidanci daga cikin taron ya cire hula ya matso. "Allah ya jiƙansa, Inna. Yaushe ne jana'iza? Za mu zo mu ɗauki makara."

Ta juya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya kawar da kai.

"Kun riga kun ɗauke shi jiya," ta ce. "Kada ɗayanku ya sake taɓa min shi."

 Sufeto Shu'aibu ya kama hannun Sa'adu ya wuce da shi ciki, ya ce wa ɗan sandan da ke kan kanta ƙarar ta tashi daga ta sata, ta koma ta rai.