Ƙulli Uku a Bandejin Bango

Kafin duniya ta san shi da Bango, abokan atisaye Tabarma suke ce masa, don ba a zagaye uku bai shimfiɗe ba. Ɗan damben zamani ne mai nauyin hannu, sai dai haɓarsa kamar ƙwai. Ga shekara talatin ta gabato, ga Inna ta tsufa, ga mata da 'ya guda, duk a ɗaki biyu na haya.

Da rana tsaka ya je wurin wani boka, a bayan filin da ake fasa tsofaffin motoci. Ɗakin ba taga. An rataye haƙora a zare, jere-jere, kuma ba duka ne na dabba ba. A tsakiya akwai kwano cike da baƙin ruwa, ruwan yana motsi ba mai taɓa shi.

"Baba, so nake in daina faɗuwa. Bel ɗin zakara nake so, da gida, da mota."

"Miƙo bandejin da kake naɗe hannu." Bokan ya tsoma shi a kwanon. "Su wa hankalinsu ke tashi in ka hau dandali?"

"Inna. Da matata. Da 'yata."

Kowane suna, ƙulli ɗaya. Bokan ya ja na ukun da haƙori.

"Daga yau ba za ka ƙara jin naushi ba."

Bango ya ce, "To zafin ina zai je?"

"Bel ka zo nema, ko tambaya ka zo yi? In ba ka so, ga ƙofa."

Ya dubi ƙofar. Wallahi ya dube ta. Sannan ya karɓi bandejin.

Wasa tara ya ci a jere. Naushi ya sauka a fuskarsa kamar an jefa masa auduga. Sai ya daina kare kansa, ya riƙa sauke hannuwa yana miƙa haɓa, 'yan kallo suna ihu. Kocinsa ya yi faɗa har ya gaji: "Kai, ɗaga hannunka! Fuskar nan aro ka yi?" Shi kuwa mai shirya wasanni cewa ya yi, "Bar shi, Koci, abin da ake saye ke nan."

Aka koma gidan bene. A nan Inna ta fara tashi da kumburarren ido, ta ce ƙila gado ta buga. Ranar da ya ci bel, ya dawo ya tarar da ita kan darduma, jini ya bushe a kunnenta. Likita ya ja shi gefe ya ce, "Malam, wa ke dukan tsohuwar nan?"

Da zai naɗe hannu bayan makokin Inna, ya ga ƙulli ɗaya ya warware. Ya gane. Amma an riga an liƙa hotonsa a gari don wasa na gaba, ya ce wa ransa wannan karon zai kare fuska. Ashe hannun da ya shekara biyu a ƙasa ya manta hanyar sama. Zagaye goma sha biyu ana jibgarsa.

Matarsa ba ta mutu ba. Harshenta ya yi nauyi, hannuwanta suka kama rawa. In cokali ya taɓa kofi sai ta ruga lungu ta rufe kai, tana cewa, "Ya isa, don Allah ya isa."

Ya koma bayan filin motoci, ya tarar ɗakin ba ko rufi. Ya cinna wa bandejin wuta, ya ƙone ƙurmus, ban da ƙullin nan na uku.

Saura 'yar, shekararta shida. Wasan kare bel ya zo, ta riƙe masa riga: "Baba, ka ci, ka ji?" Ana kaɗa ƙararrawa, tun abokin karawarsa bai ɗaga hannu ba, Bango ya durƙusa. Alƙalin wasa ya ƙirga goma yana kallonsa da mamaki. Aka yi ta jifa da robobin ruwa, shi kuwa yana dunƙule yana kare jiki. Aka ƙwace bel, aka hana shi wasa har abada. Ya fito yana murmushi, a zatonsa ya tsirar da ita.

A bakin ƙofa wani ɗan kallo da ransa ya ɓaci ya sha gabansa. "Matsoraci!" Ya zabga masa mari.

Bango bai ji komai ba. Wannan rashin jin ne ya sa shi kururuwa.

Yarinyar ba ta ƙara ji da kunnen hagu ba. Yanzu yana zaune a ɗaki ɗaya, ya naɗe jikinsa da barguna, ba ya shiga kasuwa, ba ya shiga mota, kada wani ya bangaje shi. Mutane suna cewa duka ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Kai mai gaggawar arziki, in aka ce za a ɗauke maka wahalarka, tsaya ka tambayi a kan wa za a sauke ta. In an ƙi faɗa maka, tashi ka fita, tun kana da waɗanda za ka koma ka tarar.