Awa Tara a Jirgi

Auta na zaune a falo tana ninke kayan wanki, waya a gefenta kamar kullum, sai ga Gwaggo ta faɗo ko mayafi ba ta cire ba.

"Da bakina na tambayi mai sayar da tikitin jirgi," in ji ta. "Daga nan zuwa garin da mijin nan naki yake, awa tara ce kacal. Ni awa goma sha huɗu nake shafewa a mota in je ganin jikokina, kuma duk wata biyu sai na je. Shi shekara biyu da rabi ko leƙe? Yarinya, ba ya son ki ne."

"Gwaggo, wata nahiya ce fa, har da teku tsakani. In ya fito kafin takardun zamansa su kammala, ba za su bar shi ya koma ba."

"Tekun da ƙafa zai tsallaka shi?"

Ita Gwaggo in ta kama magana sai ta ga ƙarshenta. Kafin la'asar ta cika kunnen ƙaninta, mahaifin Auta. Abba ya yanke hukunci: ko mijin ya zo kafin ƙarshen wata, ko ya aiko da takardar saki.

Auta ta shige ɗaki ta rufe. Kaɗaici ya daɗe yana cin ta. Wata uku kawai suka zauna tare da mijinta kafin ya tafi aikin jinya. Ƙawayenta duk suna goyo, ita kuwa abokiyar hirarta waya, ita ma sai netwok ya ga dama.

Washegari da hantsi mijin ya kira.

"Na ji komai. Yau zan yanki tikiti. Aiki ya tafi, takardu su tafi, ni dai kar in rasa ki."

"Kada ka zo," ta ce, hawaye na sauka kan wayar. "Wallahi ina kewarka, ko abinci ba ya shiga. Amma saura wata biyar takardunka su kammala. Ka sha sanyi da wahala don mu zauna wuri ɗaya, ba zan yarda ka zubar ba. Abba mahaifina ne, zan durƙusa in roƙe shi ko da kullum ne."

Ashe Abba na tsaye bakin ƙofa, ya zo kiranta. Ya turo ƙofar ya miƙa hannu, ta ba shi wayar.

"Kai ne za ka ajiye aikinka saboda 'yata?"

"Ni ne, Abba."

Abba ya dubi 'yarsa, sannan ya ce:

"Zauna ka gama abin da ya kai ka. Na janye maganata, ka yafe mini."

Wata shida bayan nan bizar Auta ta fito. Abba da kansa ya ja mata akwati a filin jirgi, ya hana kowa taɓawa. Iyaye, kafin ku raba auren 'ya'yanku, ku saurari abin da su biyun ke faɗa wa juna. Haƙurin da suke yi ba kullum ake ganinsa daga falo ba.

A bakin ƙofar shiga Abba ya sakar mata akwatin, ya kau da kai yana goge ido.

"Allah ya yi miki albarka. Ki riƙa kira, Auta. Yanzu ni ne zan zauna jiran waya."